Giwar Roba a Kasuwar Marwa

Asabe ta dawo daga Bankok da takalma buhu uku,
Jibrilla ya gama karatu a Maleshiya,
ya dawo da gemu da tabarau.
A rumfata suka haɗu ran Litinin,
ina huda fatar akuya da basilla.

Ita ta fara:
"Baba Nomau, Tailan ba ta barci.
Kafin ka sauke jaka, murmushi ya riga ka ƙofa.
Titi guda, kasko dubu.
Bature na zaune kan kujerar roba,
barkono na sa shi hawaye,
yana miƙa kwano a ƙara masa.
Ko tausa sun mai da ita sana'a,
can ƙafar da ta gaji ma kuɗi ce."

Jibrilla ya gyara tabarau:
"Hayaniya kika gani.
Inda na zauna ba ka tambayar naman mene ne wannan.
Ka ɗaga kai a ɗakin otal,
ga kibiya a silin tana nuna maka alƙibla.
Larabawa na zuwa har da kaka da jika,
wasu asibiti ya kawo su,
likita da safe, teku da la'asar.
Baƙo ɗaya mai nauyi ya fi goma masu jakar goyo."

"Goman nan," in ji ta, "su ke ciyar da mai tuya.
Naka mai nauyin, daga mota sai bene,
kuɗinsa ya hau sama bai san hanyar saukowa ba."

"Gaɓar tekunku fa, da leda ta cika?"
"Ku da kuka sare daji don kwakwar manja?"

Ku, mu, namu, naku,
sai ka ce gonar gado ake rabawa.
Shayinsu ya huce. Ban ce uffan ba.

Ni ban taɓa ganin teku ba, iyakata Kusiri,
amma na san baƙo kamar yadda na san fata.
Da, in ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe,
motocin Waza a bakin rumfar nan suke hutawa.
Wasu su gangaro daga Rumsiki
suna ba ni labarin tsoho mai duba da ƙaguwa.
Na koyi ƙirga da Jamusanci har ɗari,
na koyi dariya in an taya da wulaƙanci.
Tumtum goma a mako ɗaya!
Da kuɗinsu na sa wa gidana kwano.

Sai bindiga ta yi magana a bakin iyaka.
An ce baƙo raɓa ne,
namu ko hantsi bai jira ba.
Jamusancin ya zube ɗaya-ɗaya,
yanzu daga bakwai nake tuntuɓe.

Asabe ta lura na yi nisa.
Ta ciro tsaraba daga jaka:
'yar giwar roba mai zoben makulli,
an rubuta sunan birninsu a cikinta.
Na juya ta a tafin hannu, ba ta kai goro nauyi ba.
Tamu mai rai tana can arewa tana karya ƙaya,
ba mai ɗaga mata kyamara.

Na ce, "Ku bar teku, ku bar otal.
In baƙo ya fita yawo bayan isha,
yana komawa masauki da ƙafarsa?"

"Ƙwarai," in ji Jibrilla.
"Ƙwarai," in ji Asabe,
suka dubi juna da mamaki,
nan kaɗai bakinsu ya zo ɗaya tun safe.

Na ce, "To, haja ɗaya suke sayarwa,
sauran duk kayan miya ne."

Na saƙala makullin rumfa a zoben giwar,
na ja zare da haƙori, na koma kan ɗinki.
Tumtum ɗin nan ja da kore ne, irin da suke so.
Fata ba ta ruɓewa in an jeme ta da kyau,
za ta iya jira.